Mai Karatu Ya Ce Bai Ji Tsoro Ba: Me Za Ka Yi Da Maganarsa?



Duk wanda ya taɓa sakin labarin ban tsoro ko ƙagaggen labarin kimiyya da harshen Hausa ya san maganganu uku da ba sa daɗewa ba su biyo baya ba. Wani zai ce, "Wannan ai ƙarya ce, ba a yin haka a ƙasar Hausa." Wata ta ce, "Ni fa har na gama ban ji tsoro ba." Na uku kuma ya zo da roƙo: "Don Allah kar a kashe ta, a haɗa su aure kawai." Sabon marubuci yakan tattara ukun nan ya auna su a ma'auni ɗaya, gwiwarsa ta yi sanyi, ya watsar da labarin a shafi na goma ya koma rubuta abin da kowa ke rubutawa. Ta haka muke asarar marubuta, kuma ta haka wannan fanni ya kasa tsayuwa da ƙafarsa a adabinmu.

Ra'ayina shi ne waɗannan maganganu uku nauyinsu ba ɗaya ba ne. Ta farko amsa take buƙata daga tarihi. Ta biyu dole ka yi mata biyayya. Ta uku kuwa ka gode wa mai ita, ka ci gaba da tafiyarka. Kafin in kawo hujja, bari mu leƙa wata ƙasa da ta riga mu shiga wannan rigima, wato Japan.

Japanawa suna da wasu ƙananan littattafai da suke kira ranobe. Ba su wuce a saka su a aljihu ba, harshensu mai sauƙi ne, hira ta fi bayani yawa a cikinsu, akwai zane-zane jefi-jefi, kuma suna fitowa ne kashi-kashi, na ɗaya, na biyu, har abin da ya sawwaƙa. Matasa ne manyan masu sayensu. Duk wanda ya san littattafan da suka cika kasuwa a Kano daga shekarun 1980 zuwa na 2000 zai ga kamannin nan take. Su ma can an daɗe ana yi musu kallon adabin da bai kai ya kawo ba, kamar yadda aka yi ta muhawara a nan kan abin da Farfesa Ibrahim Malumfashi ya kira adabin kasuwar Kano, lokacin yana koyarwa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

A cikin ranobe akwai jerin da suka haɗa ban tsoro da kimiyya suka yi suna. Boogiepop na Kouhei Kadono ya fara fitowa a 1998, bayan ya ci gasar kamfanin da ya buga shi. Labari ne na wata makarantar sakandare da ɗalibai ke ɓacewa, 'yan mata na yaɗa raɗe-raɗin cewa wani mai ɗaukar rai ne ke kwashe su. Marubucin bai jero labarin daga farko zuwa ƙarshe ba. Kowane babi ɗalibi daban ne ke faɗin ɗan abin da ya gani, mai karatu ne zai harhaɗa. Sai kuma Urasekai Pikunikku na Iori Miyazawa da ya fara fitowa a 2017, inda wasu ɗaliban jami'a biyu ke shiga wata duniya ta ƙofofin da ke ɓoye a tsofaffin gine-gine. Halittun da suke gamuwa da su a can ba daga tsofaffin tatsuniyoyi aka ɗauko su ba, daga labaran ban tsoro ne da mutane suka riƙa yaɗawa a intanet suna rantsuwa cewa sun faru da su. Ba ina cewa duk abin da ke cikin waɗannan littattafai ya dace da tarbiyyarmu ba ne. Dabarar ginin labarin ce abin dubawa.

Abin da ya fi shafar mu shi ne yadda ra'ayin masu karatu ya yi tasiri a can. A 2004 aka buɗe wani dandali mai suna Shosetsuka ni Naro, inda kowa zai iya saka labarinsa kyauta, masu karatu su ba shi maki, wanda ya fi maki ya hau sama, kamfanonin ɗab'i su neme shi. Wannan ya fito da marubutan da babu wanda ya san su a da. Re:Zero, alal misali, a can ya fara a 2012 kafin a buga shi littafi a 2014. Amma tsarin ya zo da nasa ciwon. Da aka ga labarin saurayin da ya mutu ya farka a wata duniya yana jan maki, sai kowa ya rufta kansa, har ta kai wasu gasannin rubutu a 2016 da 2017 suka fito fili suka ce ba za su karɓi irin wannan labari ba. Masu karatu ne suka ɗaga marubuta, kuma bin son ransu ido rufe ne ya sa labarai suka zama kamar an buga su da hatimi ɗaya. Wanda ke bibiyar littattafanmu a WhatsApp da Wattpad da ArewaBooks ba ya buƙatar a faɗa masa cewa mu ma mun kama wannan hanya.

To mu dawo kan magana ta farko, cewa irin wannan labari baƙo ne a wurinmu. Wanda ya faɗi haka bai karanta na gaba da shi ba. Gasar rubutun da Rupert East ya shirya a 1933 ita ta haifi ƙagaggun littattafan Hausa na farko a boko, kuma biyu daga cikinsu cike suke da abin al'ajabi. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, neman ruwan ya kai jarumin har wurin aljanu. A Ganɗoki na Bello Kagara, jarumin ya tashi daga yaƙi da Turawa ya faɗa duniyar aljanu. A 1969, shekarar da Amurka ta sauke mutum a kan wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda wata halitta daga sama mai suna Kolin Koliyo ta ɗauki yaro Kilba ta yi yawo da shi a sararin samaniya. Yau fiye da shekara hamsin ke nan. Bayan su ga littattafan yaƙi da matsafa irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini da samari suka riƙa rububi. Ta ina baƙuncin ya shigo?

Ko aron dabara daga wata al'umma ma ba mu muka fara ba. Magana Jari Ce ya ɗebo labarai daga Larabawa da Indiyawa da Turawa, Abubakar Imam ya yi musu wankan Hausa har yaro ya ɗauka a bayan gidansu aka yi su. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa yana da tushe a labarin wani jarumin Rashawa mai suna Ilya Muromets. Babu wanda ya ce waɗannan ba namu ba ne, domin an narkar da aron har ya bi jiki. Saboda haka idan mai karatu ya ce maka "ba a yin haka a ƙasar Hausa", duba ka gani ko abin da yake nufi shi ne ka kawo aron ɗanye. Idan jarumarka a Mabera take zaune amma tana sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa da fitilar kyandir kamar a fim ɗin Amurka, to yana da gaskiya, gyara. Idan kuwa nufinsa Bahaushe ba ya ƙaga labarin sama jannati ko na fatalwa, miƙa masa sunan Umaru Dembo ka wuce.

Magana ta biyu ita ce wadda ba ka da ikon musantawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan mutum ya ce bai ji tsoro ba, to bai ji ba, ko da ka rubuta "abin tsoro" sau ashirin a shafi guda. A nan ne nake ganin yawancinmu muke faɗuwa, kuma dalilan a fili suke.

Na farko, gaggawa. Tun a shafi na biyu aljanin ya bayyana, idanu jajaye, haƙora zaƙo-zaƙo, dariya tana amsa kuwwa. Da zarar mai karatu ya ga abin gaba ɗaya, ya gama da shi. Tuna yadda ake ba da labarin matar nan mai kofato a majalisa. Mai labarin ba ya farawa da kofaton. Zai faɗi kyanta, da ƙamshin turarenta, da yadda hira ta yi daɗi, sai can a ƙarshe idon saurayin ya sauka ƙasa. Haka labarin mai takalmin ƙwas-ƙwas da ɗaliban makarantun kwana suke ba juna: ƙarar takun ce ke hana barci, kusan babu mai cewa ya ga fuskarta. Kakanninmu sun san wannan dabara tun kafin a ƙirƙiro fim.

Na biyu, rashin doka. Abin tsoron da zai iya yin komai a kowane lokaci ba ya tsorata kowa, gajiyarwa yake yi. Littafin Ring na Koji Suzuki, wanda ya fito a 1991, a kan doka ɗaya tak aka gina shi: wanda ya kalli wani kaset ɗin bidiyo zai mutu bayan mako guda, sai fa idan ya kwafe shi ya nuna wa wani. Duba abin da dokar nan ta haifar. Akwai lokaci da ke ƙurewa, akwai mafita, kuma mafitar ita kanta zalunci ce. Mu ma mun ga irin wannan a zahiri, ba a littafi ba. A 2004, da kuma 2011, ji-ta-ji-ta ta karaɗe Nijeriya cewa akwai lambar wayar da in ka amsa kiranta za ka mutu, har sai da kamfanin waya da hukumar sadarwa suka fito suna ƙaryatawa. Mutane da hankalinsu suka riƙa kallon wayarsu tana ƙara suna kasa ɗauka. Ga jigon littafi nan a yashe, shekara da shekaru, yana jiran mai ɗauka.

Na uku, ƙarshe mai arha. An wahalar da mai karatu babi talatin, sai a babi na talatin da ɗaya a kira malam, ya yi ruƙiyya, aljani ya yi ihu ya fita, a ɗaura aure. Ba ina cewa a cire malam ko addu'a daga labari ba ne, domin haka rayuwarmu take, kuma labarin da aka yi a gidan Musulmi babu wanda ya tuna da addu'a shi ne ma zai zama ƙarya. Abin da nake cewa shi ne kada zuwan malam ya zama hanyar da marubuci zai gudu daga tambayar da ya tayar. Me ya jawo abin tun farko? Wa ya ɓoye gaskiya a gidan? Me aka rasa wanda ba zai dawo ba? Idan babu wanda ya biya komai, mai karatu zai ji an yi masa wasa da hankali.

Na huɗu, wuri. Muna kai labari wani daji marar suna a wata ƙasa marar suna, alhali tsoro ya fi kama mutum a inda ya sani. Ɗauki misali: ɗan kabu-kabu ya ɗauki wata mata daga Gawon Nama zuwa Arkilla bayan sallar isha'i. Washegari ya same ta a daidai wurin, da kaya iri ɗaya, ta faɗi magana iri ɗaya, ta biya shi. Dare na uku ya lura cewa duk kuɗin da take ba shi tsofaffin takardu ne da aka daina karɓa tun yana yaro, kuma shi kaɗai ne ba ya ganin haka sai gari ya waye. Ban kawo jan ido ko haƙori ba, amma duk Basakkwacen da ya karanta zai tuna da shi ran da ya bi ta wannan hanya da dare.

Kuma ƙasar nan tamu ba ta rasa kayan aiki ba. Ga kufan Surame a yankin Binji, birnin da Muhammadu Kanta na Kabi ya gina a ƙarni na 16, ganuwarsa ta dutse tana nan cikin daji babu kowa. Ga Alƙalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808. Ga ambaliyar 2010, lokacin da ruwa ya yanke hanyar da ta haɗa mazaunin dindindin na jami'a da cikin gari. Mai son kimiyya kuma ga abin da ya fi wannan: masana ilimin ƙasa sun tabbatar cewa miliyoyin shekaru da suka wuce teku ne ya rufe wannan yanki, kuma an tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar ruwa da aka raɗa wa suna Goronyosaurus, daga sunan Goronyo, da wani nau'in kada da aka kira Sokotosuchus. Garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ashe a ƙarƙashin ruwa yake a da. Me mai haƙar rijiya zai iya tarar wa? Yaya Sakkwato za ta kasance a shekarar 2090 idan zafin ya ƙaru, ruwan Rima ya ja baya? Wanda ke son sanin camfe-camfe da bori da magungunan gargajiya da tushensu, rubuce-rubucen Farfesa Aliyu Muhammad Bunza suna nan, kuma ɗakin adana tarihi na Waziri Junaidu a cikin gari yake. Bincike na mako biyu zai raba labarinka da na mutum ɗari.

Magana ta uku ita ce mai daɗin ji, kuma ita ce mai kashe labari. Mai karatun da ke roƙon kada a kashe jaruma yana gaya maka ne cewa ka yi nasara, ka sa ya damu da ita. Wannan damuwar ita ce jarinka. Ran da ka biya masa buƙata, ka nuna masa cewa babu wanda zai mutu a labarinka matuƙar an yi roƙo, daga ranar ba zai sake jin tsoro ba, kuma shi ne zai fara cewa labarin ya yi lami. Na san abin da wuya, musamman ga 'yan uwa mata da ke sakin labari kullum a rukunin da aka biya kuɗin shiga. Wadda ta biya tana ganin tana da haƙƙi, marubuciya kuma tana tsoron kada a watse a bar ta. Amma ki tuna abin da aka saya a wurinki labari ne, kuma ba za a ce an sami labari ba idan mutum hamsin ne suka ja shi kowa ta nasa gefen. Maganin da na fi gani shi ne ki san ƙarshen labarinki, ki rubuta shi ki ajiye, kafin ki saki shafin farko. Wanda ya san inda za shi ba ya tsayawa tambayar hanya a kowace kwana.

Wani zai ce, ai Japanawan ma da ra'ayin masu karatu suka kai inda suka kai. Gaskiya ne, amma akwai matattakala a tsakani. Labarin da ya yi fice a dandali, idan kamfani ya ɗauke shi, sai ya bi ta hannun edita, a yanke, a ƙara, a sake tsari, kafin ya zama littafi. Mu a nan galibi babu wannan mutum na tsakiya. Daga wayar marubuci sai wayar mai karatu. Tunda haka ne, wajibi ne mu zama editocin juna. Nemi mutum biyu ko uku da ka san ba za su yi maka kara ba, ka ba su labarin kafin kowa, ka tambaye su abu takamaimai: a wane shafi ka ajiye wayar? A ina ka gane abin da zai faru? Wace magana ce ba ta yi kama da ta mutumin Sakkwato ba? Amsar waɗannan ta fi "Allah ya ƙara basira" ɗari amfani, duk da cewa addu'ar ma muna so.

Akwai ra'ayi na huɗu da ban saka cikin ukun farko ba, domin shi ba a yi masa gardama da wasa. Shi ne na mai karatun da ya ce yana tsoron kada irin waɗannan labarai su koya wa mutane tsafi ko su ƙarfafa camfi. A wurin mai karatu Bajapane, fatalwa tana iya zama nishaɗi kawai. A wurin namu, aljani gaskiya ne, akwai sura sukutum da sunansa a Alƙur'ani, kuma zargin maita abu ne da ke raba aure, ya sa a ƙaurace wa tsohuwa a unguwa, wani lokaci har a kai ga duka. Ji-ta-ji-tar shafi-mulera ta sha jawo a far wa mutumin da bai ji ba bai gani ba. Saboda haka alƙalaminka yana da nauyin da na Kadono ba shi da shi. Idan a kowane labarinka tsohuwa matalauciya ce mayya, kishiya ce mai asiri, baƙo ne matsafi, to kana zuba wa wutar da ke cin mutane na gaske fetur. Juya abin ka gani. Rubuta labarin unguwar da ta haɗu a kan wata tsohuwa saboda yara suna mutuwa, alhali gubar tana cikin ƙasar da suke wasa a kanta, kamar yadda gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010. A irin wannan labari abin tsoron taron jama'a ne, kimiyya ce ke warware ƙullin, kuma babu malamin da zai ce ka kauce hanya.

A taƙaice dai, saurari mai karatu a kan abin da ya ji a jikinsa, domin a nan ba ya kuskure. Yi masa uzuri a kan abin da bai sani ba na tarihin adabinsa. Kada ka miƙa masa alƙalaminka. Kuma ka ji tsoron Allah a kan wanda labarinka zai iya cutarwa.

Aikin wannan mako ga mai sha'awa: rubuta labarin ban tsoro da bai wuce kalma 300 ba, a unguwar da kake zaune, da sunanta na gaskiya. Sharaɗi biyu ne. Kada abin tsoron ya bayyana a fili ko sau ɗaya, kuma ya kasance yana da doka guda da mai karatu zai gane da kansa ba tare da ka faɗa masa ba. Masu karantawa kuma, a wannan karon a taimaka a faɗa wa marubuci daidai layin da gabanku ya faɗi, ko layin da kuka daina yarda da shi. Wanda ke ganin na yi tsauri a kan masu roƙon a haɗa aure, fili nasa ne, ya kawo hujjarsa mu ji.